Giyar hannu da giyar otomatik a motocin shiga daji

Giyar hannu da giyar otomatik su ne manyan nau'o'i biyu na akwatin giya da ake samu a motocin da ƙafafunsu huɗu duka suke ja, wato motocin da aka ƙera domin bin inda babu kwalta: rairayi, taɓo, duwatsu, hawa da gangara, da mashigin ruwa. A giyar hannu direba ne yake taka kuloci ya canza giya da kansa. A otomatik babu kuloci a ƙarƙashin ƙafar direba, akwatin ne yake zaɓar giyar da ta dace. A kan kwalta bambancinsu bai wuce na sauƙin tuƙi da shan mai ba. A daji kuwa yana iya zama bambanci tsakanin isa gida da kwana a hanya, shi ya sa zaɓi tsakaninsu ya zama tsohuwar muhawara a wajen direbobi da makanikai. Galibi otomatik ta zamani ta fi sauƙin bi da mota a mugun wuri, ita kuma giyar hannu ta fi sauƙin sha'ani idan wani abu ya lalace nesa da gari.

Suna

Kalmar giya aro ce daga Turancin Ingilishi, haka ma kuloci da birki da totur. A rubutun boko ta yi daidai da giya abin sha, amma a baki ana jan wasalin farko na ta mota. Direbobi kan ce manuwal da otomatik, wasu su ce giyar hannu da giya mai canza kanta. Irin wannan mota kuma a Najeriya an fi kiranta jif, daga sunan kamfanin Jeep, ko da wani kamfani ne ya ƙera ta. A Nijar ana cewa kat-kat, daga yadda ake karanta 4x4 da Faransanci.

Tarihi

Motocin daji na farko duk masu giyar hannu ne. Willys MB, jif ɗin da sojojin Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, giya uku gare ta ta gaba. Land Rover ta fito a 1948 da giya huɗu, sannan Toyota ta fitar da motar da ta zama Land Cruiser a 1951, aka ba ta wannan suna a 1954. A lokacin otomatik ta riga ta shigo kasuwa, domin General Motors ya fara sa Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, amma ana ɗaukarta kayan motar birni ce.

Jeep Wagoneer ta 1963 tana cikin motoci na farko da suka haɗa jan ƙafa huɗu da otomatik. Range Rover, wadda ta fito a 1970, sai a 1982 kamfanin ya fara sayar da ita da otomatik mai giya uku. Tun daga nan al'amarin yake ta karkata. Humvee ta sojojin Amurka da otomatik aka ƙera ta tun farkonta a shekarun 1980. Tsohuwar Land Rover Defender, wadda aka daina ƙerawa a 2016, an san ta da giyar hannu, amma sabuwar da ta gaje ta a 2020 otomatik mai giya takwas kaɗai gare ta. Hatta Land Cruiser 70, wadda take kasuwa tun 1984 kuma ake mata kallon motar aiki zalla, an fitar da samfurinta na dizal mai otomatik mai giya shida a 2023. Har yanzu dai ana samun giyar hannu a Hilux da Suzuki Jimny da Jeep Wrangler, kuma Ford ya dawo da Bronco a 2021 da giyar hannu mai bakwai, ɗaya daga ciki ta rarrafe ce kawai.

Yadda suke aiki

Duk sauran bambance-bambancen daga wuri ɗaya suka taso, wato abin da ke haɗa injin da akwatin giya.

A giyar hannu faifan kuloci ne. Idan direba ya ɗaga ƙafa, faifan yana manne da injin, duk juyin da injin ya yi sai ya isa taya. Idan ya taka, an raba su ke nan, babu ƙarfin da ke zuwa ƙasa. Tsakanin biyun akwai rabin kuloci, inda faifan yake gugar ƙarfe yana zamewa. Da shi ake tayar da mota, kuma shi ne yake cinye faifan, domin gugar zafi take haifarwa. Idan taya ta tsaya cik alhali faifan yana manne, injin ma sai ya mutu.

A otomatik irin ta gargajiya, wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe ce cike da mai, wadda makanikai ke kira konbata. A cikinta akwai farfela biyu suna fuskantar juna. Injin yana juya ta farko, ta watsa mai da ƙarfi, man ya juya ta biyu, ita kuma ta juya giya. Da yake mai ne ya haɗa su ba ƙarfe ba, taya na iya tsayawa injin ya ci gaba da aiki. Akwai kuma wani ƙaramin faifai mai fikafikai a tsakaninsu da ke mayar da man ta inda zai ƙara turi, wanda ke sa konbata ta ninka ƙarfin juyin injin kusan sau biyu a daidai lokacin da mota take tashi daga tsaye. Farashin wannan alheri shi ne zafi: duk zamewar da ke tsakanin farfelun biyu a cikin man take ƙarewa. Idan mota ta ɗauki gudu, wani kuloci na ciki yakan kulle su su zama abu ɗaya, zafin ya ragu.

Giyar ƙarfi

Bayan akwatin giya, motar daji ta gaskiya tana da akwati na biyu wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Yawanci yana da matsayi biyu na jan ƙafa huɗu: 4H na tafiya da gudu, da 4L na ƙarfi, wanda ke rage gudun kowace giya zuwa rabi ko ƙasa da haka, ya kuma ninka ƙarfinta. Direbobi a Najeriya kan kira shi ogzilari. Wannan akwati ya fi nau'in giya muhimmanci. Mota mai 4L, ko wace irin giya gare ta, za ta bi inda mota mai jan ƙafa huɗu marar 4L ba za ta bi ba, kuma da yawa daga cikin ƙananan jif na birni ba su da shi sam.

Ana auna iya rarrafen mota da yawan juyin da injin zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya, a giya ta ɗaya cikin 4L. Ana samun adadin ne ta ninka lissafin giya ta ɗaya da na akwatin raba ƙarfi da na aksul. A Jeep Wrangler Rubicon samfurin 2018, giya ta ɗaya ta hannu 5.13 ce, akwatin rabo 4, aksul 4.10, jimla kusan juyi 84. A mai otomatik giya ta ɗaya 4.71 ce, jimla kusan 77. A takarda giyar hannu ta yi gaba, amma lissafin bai haɗa da ninkin da konbata ke yi ba, don haka a ƙasa tazarar ba ta kai yadda lambobin suka nuna ba. Bronco mai giyar hannu tana iya kaiwa kusan 95.

Rairayi da taɓo

Rairayi mai laushi yana riƙe taya kamar birki. Mota na cikin tafiya a kansa, da zarar an yanke mata ƙarfi sai ta ja ta tsaya cikin 'yan taku kaɗan, kuma tashi daga tsaye shi ne lokacin da tayoyi ke tona rami su binne kansu. A nan ne raunin giyar hannu yake fitowa fili, domin kowane canjin giya sai an taka kuloci, taka kuloci kuwa yanke ƙarfi ne. Direban da ya fahimci giyarsa ta yi nauyi a tsakiyar tudun rairayi, kafin ya sauko daga ta uku zuwa ta biyu mota ta riga ta kafe. Otomatik tana canza giya ba tare da ta saki ƙarfi gaba ɗaya ba, kuma tana tashi a hankali ba tare da fizgar da ke sa taya tono ba.

Mai giyar hannu yana rama wannan ne da hangen nesa. Yakan zaɓi giya tun kafin ya shiga wurin, sau da yawa ta uku ko ta huɗu a 4L ko ta biyu a 4H, ya riƙe ta har ya fita. Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma sun daɗe suna yin haka da Land Cruiser da Hilux masu giyar hannu, da kaya har sama. Suna rage iskar taya domin ta baje a kan rairayi, suna kuma son tafiyar sassafe lokacin da rairayin yake da sanyi da ƙarfi. Rage iskar taya kaɗai yana yin abin da babu akwatin giyar da zai yi.

Taɓo da laka hukuncinsu kusan ɗaya ne da rairayi, sai dai santsi ya ƙaru. Ana so a tashi da giya ta biyu domin kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, abin da giyar hannu ke yi kai tsaye, otomatik da yawa kuma suna da maɓalli ko matsayin da ke ba da damar haka. Idan mota ta kafe, akan yi ta kai ta gaba da baya har ta samu hanyar fita. Otomatik ta fi saurin wucewa daga D zuwa R, amma yin haka tayoyi suna kan juyawa yana lalata ta.

Duwatsu da hawa

Bin duwatsu tafiya ce ta taku-taku, wani lokaci ƙasa da saurin mai tafiya a ƙasa. Direban giyar hannu yana da ƙafa biyu da abin takawa uku. Idan giyarsa ba ta kai ƙasa sosai ba, dole ya yi ta wasa da rabin kuloci, kuma warin ƙonewar faifai ba ya ɗaukar lokaci kafin ya shigo cikin mota. Idan ya saki kuloci gaba ɗaya, taya ta ci karo da dutse, injin ya mutu. Injin dizal yana rage wannan matsala saboda yana da ƙarfi ko da yana juyawa a hankali. Direban otomatik kuwa yana iya sa ƙafar hagu a birki, ta dama a totur, ya ɗora taya kan dutse ya sauke ta yadda yake so. Wannan ne dalilin da ya sa masu wasan hawan duwatsu da mota a Amurka da yawa suka koma otomatik.

A hawa mai tsayi ma haka ne. Mutuwar injin a tsakiyar tudu tana cikin abubuwa mafi haɗari a tuƙin daji, domin ƙarfin birki da na sitiyari duka suna raguwa idan injin ba ya aiki, kuma wanda ya firgita ya taka kuloci zai ga mota ta fara gangarawa da baya babu abin riƙe ta. Makarantun koyar da tuƙin daji suna da tsari guda na fita daga wannan hali: a danne birki, a sa ribas, a ɗaga ƙafa daga kuloci, a saki birki a hankali har giya ta riƙe mota, sannan a tayar da injin tana cikin giya, a sauko da baya a miƙe ba tare da taɓa kuloci ba. Motocin zamani da yawa ba sa tashi sai an taka kuloci, shi ya sa Toyota ta sa wa wasu motocinta na daji maɓallin da ke soke wannan sharaɗi. Otomatik ba ta buƙatar wannan darasi, tunda da wuya injinta ya mutu a hawa.

Gangara

A nan giyar hannu ta daɗe tana riƙe da kambu. A giya ta ɗaya cikin 4L, ƙafa a ɗage daga komai, injin da kansa yake riƙe mota ta sauko a hankali, ba a dogara da birki ba. Birki a gangara mai santsi yana kulle taya mota ta zame, a gangara mai tsawo kuma yana yin zafi ya daina kamawa. Tsofaffin Land Rover da ke jigilar mutane da kaya a hanyoyin tsaunin Mambila a jihar Taraba da irin wannan riƙo suke sauka. Tsofaffin otomatik masu giya uku ko huɗu ba su da shi sosai, saboda giyarsu ta ɗaya ba ta kai ƙasa ba, konbata kuma tana zamewa.

Sababbi sun rage tazarar ta hanya biyu. Masu giya shida zuwa goma suna da giya ta ɗaya mai ƙarfi, kuma direba na iya kulle su a cikinta. Sannan akwai na'urar sauka gangara, wadda Land Rover ta fara sawa a Freelander a 1997, inda kwamfuta ke taka wa kowace taya birki daban. Toyota ta kawo makamanciyarta mai riƙe totur da birki tare a Land Cruiser 200 a 2007. Suna aiki, amma birki ne suke ci. A kowace irin giya, sa mota a firi a gangara ganganci ne.

Ruwa

Ƙa'idar ƙetare rafi da giyar hannu ita ce a zaɓi giya a bakin ruwa, kada a taɓa kuloci sai an fita. Taka shi a tsakiya yana buɗe wa ruwa da laka hanya tsakanin faifai da ƙarfe, sai ya fara zamewa, ko kuma ya manne bayan ya bushe. Otomatik a rufe take, amma tana da ɗan bututun shan iska a sama. Akwati mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta nan. Ruwa kaɗan a man giyar hannu ana iya juye shi a zuba sabo. A otomatik kuwa yana ɓata faifan da ke ciki, kuma alamarsa ita ce man ya koma kamar an zuba masa madara. Masu yawan shiga ruwa kan ƙara wa bututun tsawo zuwa saman ɗakin injin.

Zafi

Zafi shi ne babban abokin gabar otomatik. Doguwar tafiya a rairayi cikin 4H, da kaya mai nauyi ko jan tirela, tana sa konbata ta yi ta zamewa ba ta kulle ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a yankin Sahel, lagireto da kansa yana fama, balle ya sanyaya man giya. Man da ya ƙone yakan yi baƙi ya yi wari, daga nan faifan ciki su bi baya. Maganin da aka sani shi ne shiga 4L da wuri, kulle akwatin a ƙaramar giya maimakon barinsa yana hawa da sauka, da ƙara na'urar sanyaya mai ta daban. Idan fitilar zafin man giya ta kama, ana tsayawa ne a sa P a bar injin yana aiki, saboda famfon da ke zagaya da man injin ne yake juya shi.

Giyar hannu ma zafi yana kashe ta, amma a faifan kuloci, kuma kusan kullum daga ƙafar direba ne. Faifan da zai yi shekaru a hannun wani, wani yana iya ƙone shi a yini ɗaya yana ƙoƙarin fita daga rami.

Lalacewa a nesa da gari

Hujja mafi ƙarfi ta masu giyar hannu ba ta tuƙi ba ce, ta gyara ce. Idan batir ya yi sanyi ko kik ya lalace, ana tura motar ko a ja ta da wata, a saki kuloci a giya ta biyu ta tashi, muddin akwai ɗan sauran wutar da za ta kunna famfon mai da kwamfuta. Otomatik ba ta tashi da turi. Idan kuloci ya daina aiki, gwanin direba yana iya tayar da mota a cikin giya, ya riƙa canzawa da sauraron ƙarar injin har ya isa gari. Jan otomatik da igiya mai nisa, injin a kashe, yana ƙona ta saboda mai ba ya zagayawa, sai dai a sa akwatin rabo a firi idan littafin motar ya yarda da haka, ko a kwance furofela.

Gyaran ma ba ɗaya ba ne. Canza faifan kuloci aiki ne da makanikin ƙaramin gari ya saba da shi. Otomatik ta zamani tana tafiya ne da kwamfuta da wayoyi da bawuloli masu aiki da lantarki, gano matsalarta yana buƙatar na'urar bincike, kuma kowace tana da irin man da take sha, wanda zuba waninsa ɓarna ne. Sau da yawa abin da ake yi a gareji shi ne a sauke akwatin gaba ɗaya a ɗora wani na hannu. Wannan ya shafi masu saye a Najeriya kai tsaye, domin jif ɗin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka kusan duk otomatik ne, kuma mai saye ba ya sanin irin wahalar da man cikinsu ya sha. Duba launin man da warinsa kafin biyan kuɗi ya fi duba fenti amfani.

Ta fuskar shan mai, a da giyar hannu ta fi tsimi a fili. Da zuwan otomatik masu giya da yawa da kulle konbata tun da wuri, bambancin ya zama kaɗan, a wasu motocin ma ya juya.

Wasu nau'o'in otomatik

Ba duk motar da ba ta da kuloci a ƙasa ce take da konbata ba, kuma yawancin yabon da ake yi wa otomatik a daji na mai konbata ne. Akwai mai kuloci biyu da kwamfuta ke takawa. Tana canza giya da sauri a kan kwalta, amma a rarrafe tana yin rabin kuloci kamar direban da bai ƙware ba, ta yi zafi, wani lokaci ta yanke ƙarfi da kanta har sai ta huce. Akwai kuma CVT, mai bel na ƙarfe tsakanin kwarkwaro biyu a maimakon haƙoran giya, wadda aka fi samu a ƙananan jif na birni marasa 4L. Tana iya hanyar burji da ɗan taɓon damina, amma ba a ƙera ta don tudun rairayi ko jan wata mota daga rami ba. Motocin lantarki kuwa galibi giya ɗaya gare su, kuma injinsu yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, don haka ba su da kuloci ba su da konbata.